Jakar Biki Daban, Jakar Hanya Daban

Uwargida, kafin ki ci gaba da karatun nan, jawo jakar da kika fita da ita jiya ki zazzage ta a kan gado. Ba mai ganinki. Na san abin da zai zubo, don irinsa ne ya zubo daga tawa ranar da na yi hakan: hoda, janbaki biyu, kwalbar turare, madubi, katin bikin da aka yi tun bara, cajar waya, 'yan canji, da wata alawa da ta narke ta manne da rasit ɗin kemis. To yanzu dubi kayan nan ki tambayi kanki: da mota za ta mutu da ke a daji bayan magariba, ga yaro a baya yana amai da gudawa, wanne daga ciki zai yi miki rana?

Ba don in tsorata ki na yi tambayar ba. Ni ta faru da ni.

Damina ce, na je suna wani ƙauye a bayan Gwaram da ɗana, lokacin yana da wata 14. Tun a gidan sunan ya yi zawo sau biyu, na ce bari mu isa gida. Muka taso bayan la'asar a wata tsohuwar mota, mu bakwai ban da yara. Tsakanin Gwaram da Birnin Kudu tafiyar kamar awa guda ce idan hanya da mota sun yarda. Ran nan ba su yarda ba. Motar ta yi tari ta tsaya a inda babu gida babu rumfa, direba ya buɗe gabanta yana ta taɓe-taɓe, ga hadari ya haɗo daga gabas. Kafin duhu ya rufa yaron ya ƙara zawo sau uku, ya yi amai, leɓensa ya fara bushewa. Na buɗe jakata, irin mai ƙyalƙyalin nan da na saya don fitar biki. Abin da na lissafa miki a sama shi ne a ciki. Wayata kuwa saura kashi 4 cikin 100.

Wata tsohuwa da ke gefena, daga cin kasuwa take, ta jawo ƙullin kayanta. Ta fito da 'yar tocila, ta fito da zani busasshe ta shimfiɗa wa yaron, sannan ta ce, “'Yar nan, ga gishiri ga sukari na sayo, ai an ce ana haɗa musu a ruwa.” Direba na da ruwan leda a bayan mota, wata mai goyo ta ara mini ƙaramin cokali da kofin filas ɗinta. Na auna, na dama, na riƙa ɗura masa kaɗan-kaɗan, Iya tana haska mini. Da ta ga yadda nake shafe kan cokalin da yatsa in daidaita, sai ta ce, “Kin iya kuwa.” Na ce mata ai aikina ne, nas ce ni. Ta yi shiru, ta dubi jakar da ke cinyata, ta ce, “Allah Sarki. Malamar asibiti.” Ba ta ƙara ko kalma ba, kuma har yau ban manta da wannan kallo ba.

Sai wajen ƙarfe goma muka shigo Birnin Kudu. Yaron bai kai ga ƙarin ruwa ba, alhamdu lillahi. Amma a wurin aiki na sha karɓar waɗanda suka kai, da waɗanda aka iso da su lokaci ya riga ya ƙure. Idan ka bi labarinsu, da yawa ba a gida abin ya ɓaci ba, ba kuma a asibiti ba. A tsakani ne: awa biyu ko uku na jiran mota, na lallaɓa babur a cikin taɓo, na jiran ruwa ya janye daga kan kwalbati. Mu da ke wannan yanki mun san nisan da ke tsakanin ƙauyukan Fagam, Basirka, Farin Dutse ko Sara da babban asibitin tarayya na Birnin Kudu, wanda kowa ke kira FMC. A cikin waɗannan awoyi, likitan ɗanki ke ce, kemis ɗinsa kuma jakarki.

Iyayenmu sun san haka tun kafin a haife mu. Mace ba ta fita ba lalita a ƙugu, ba ƙulli a haɓar zani. Makiyayi yana da gorarsa da sandarsa da malafa, manomi da 'yar wuƙarsa da hantsakin cire ƙaya, wanzami da zabirarsa, malam da gafakarsa. Kowa ya ɗauki abin da hanyarsa ke nema. Mu ne muka zo muka mayar da jaka abokiyar takalmi, sai kalarsu ta zo ɗaya.

Abu na farko, kuma da shi kaɗai za ki ɗauka da na gode

Fakitin ORS biyu da katin ƙwayar zinc ɗaya. Ba su kai nauyin kwalbar turarenki ba, ba su kai kuɗinta ba.

Zawo ba ya kashe yaro don ƙwayar cuta kawai, ruwan jikinsa ne yake tsiyayewa har jini ya kasa zagayawa. Abin da ya sa garin nan na ORS yake aiki shi ne, hanji yana jan gishiri tare da sukari, ruwa kuma ya bi su, ko da cikin yana cikin ɓaci. Shi ya sa ruwa zalla ba ya maye gurbinsa, lemon kwalba kuwa ƙara zawon yake, don sukarinsa ya yi yawa. A 1971, lokacin yaƙin Bangladesh, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a Indiya, ruwan ƙari ya ƙare. Wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa dama gishiri da sukari a manyan durom ana bai wa dangi su shayar da marasa lafiyarsu. Mace-macen da ke kusan 30 cikin 100 suka sauko ƙasa da 4 cikin 100. Tun 2004 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a riƙa haɗa shi da zinc, don yana rage tsawon zawon, yana kuma kare yaro daga komawa cikinsa na wasu makonni.

Inda muke yin kuskure shi ne awo. Karanta jikin fakitin: yawancin na wurinmu na lita ɗaya ne. Duba ruwan ledarki, in an rubuta 50cl, leda biyu ke nan. Kada ki raba garin biyu da ido ki ce za ki dama rabi, kada kuma ki rage ruwa don ya yi “ƙarfi”. Gishiri in ya yi yawa illa ne ga yaro. Saboda haka ma nake son ki samu gora mai ɗaukar lita ɗaya daidai, mai murfi, ta zama ita ce gorar tafiyarki. Kin huta da lissafi a cikin duhu. Yaron da bai kai shekara 2 ba, ba shi rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowane zawo, da cokali, a hankali. Wanda ya fi haka, rabin kofi zuwa kofi guda. In ya amayar, jira minti 10 ki ci gaba, ki ƙara sassautawa. Kada ki tsayar da nono. Abin da ya kwana ya wuni, wato ya wuce awa 24 da damawa, zubar ki dama sabo. Zinc kuwa ƙwaya ɗaya mai 20mg kullum har kwana 10 zuwa 14, rabin ƙwaya ga jaririn da bai kai wata 6 ba, ko da zawon ya tsaya a rana ta biyu. In babu ORS sam, abin da na yi a motar nan ke nan: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, rabin cokali na gishiri a shafe. Ki ɗanɗana, kada ya fi hawaye gishiri.

Wannan duk don ki isa asibiti da yaro da sauran ƙarfinsa ne, ba don ki fasa zuwa ba. Yaron da ya ƙi nono ko ruwa, ko yake amayar da komai, ko idonsa ya faɗa, maɗigarsa ta lotsa, ko ya yi laƙwas ba ya gane ki, ko kika ga jini a kashinsa, wannan ba na jiran gari ya waye ba ne.

Sai ma'aunin zafin jiki, ɗan ƙaramin nan mai batir da ake maƙalawa a hammata. Tafin hannun uwa ba ya ƙarya a kan ƙauna, amma yana yi a kan zazzaɓi, musamman a watan Afrilu da kowa jikinsa zafi rau. Daga 37.5 a hammata muna ɗaukarsa zazzaɓi ne. Jaririn da bai kai wata 2 ba, da zarar ya yi zafi, ko jikinsa ya yi sanyi ƙalau, asibiti kai tsaye, ba a gwada masa komai a gida. Farasitamol na yara za ki iya riƙewa, amma da sharaɗi: ranar da kika je awon yaro ki roƙi nas ta rubuta miki a jikin kwalbar adadin da ya dace da nauyinsa, ki riƙe ɗan kofin awon da ya zo da ita. Kada ya wuce sau huɗu a yini da kwana. Kuma ki sani saukar da zafi yake, ba ya kashe maleriya. Gwaji ne ke faɗin ko ita ce.

Abin da nake so ki fitar

A nan ne nake samun saɓani da ƙawayena. Kusan kowace jaka na buɗe sai na tarar da ƙullin leda: kafso ja da rawaya guda uku, ragowar Flagyl, rabin katin maganin maleriya da wani ya sha ya bari, da wata kwalbar “maganin haƙori”. Fitar da su. Ragowar magani ba ya warkar da kowa, sai dai ya koya wa ƙwayoyin cuta jure masa, ranar da ake buƙatarsa da gaske ya ƙi ci. Yawancin zawon yara ba ya buƙatar kafso. Haƙori kuma ba ya kawo zawon da zai kwantar da yaro. Abin da ke faruwa shi ne a wannan shekarun yake rarrafe yana kai komai baki. Masu shekaruna za su tuna 2008 zuwa 2009, lokacin da wani maganin haƙori mai suna My Pikin, da aka haɗa da gurɓataccen sinadari, ya kashe yara 84 a ƙasar nan ta hanyar lalata musu ƙoda. Asfirin ma ba na yara ba ne. Duk abin da za ki bari a jakar, ya kasance cikin kwalinsa, da lambar NAFDAC, da ranar lalacewa a bayyane. Kuma jakar da ke wuni a rana ko a cikin mota a rufe tana dafa magani. Yawancinsu an rubuta kada zafin wurin ajiyarsu ya wuce digiri 30, mu kuwa bazararmu tana haura 40. Saboda haka kaɗan za ki ɗauka, ki riƙa sabuntawa.

Tocila, ba ta waya ba

Za ki ce ai wayata na da fitila. Ni ma haka na ce. Fitilar waya tana shan cajin da za ki kira mai gida da shi, kuma ba ki iya riƙe waya a kunne kina haska bakin yaro da ita a lokaci guda. Sayi ƙaramar tocila mai caji, wadda za ta shige tafin hannu. In kin samu irin mai ɗaurawa a goshi da masu shayi da mafarauta ke sawa, ta fi, don hannuwanki biyu suna sake. Kunya ce ta hana ni sa ta a farko, yanzu har wurin aiki nake zuwa da ita saboda daren da aka ɗauke wuta.

Garinmu na duwatsu ne. Duwatsun nan da baƙi ke zuwa kallon tsoffin zanen da ke jikinsu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa, da gonakin da ke kewaye da su, gidan kunama ne da maciji. Kububuwa da dare take yawo, kalarta kalar ƙasa, kuma ba ta gudu in ta ji tafiya. Yawancin saran da na gani a ƙafa ne, daga idon sawu zuwa ƙasa, a kan mutumin da ya fita da silifas cikin duhu: kewayawa, ɗebo itace, dawowa daga gona lokacin kaka. Haske da rufaffen takalmi sun fi duk wani magani da za a ba ki a ƙulle. In kuwa tsautsayi ya faɗa, ga inda zan roƙe ki: kada a tsaga wurin da reza, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya ko roba har jini ya tsaya, kada a ɓata lokaci da baƙin dutse. Dafin kububuwa hana jini daskarewa yake, tsagar da aka yi sai ta zama wata ƙofar zubar jini. Cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, a ɗaure ƙafar da ɗan itace sako-sako don kada ta motsa, a ɗauki mutum kada ya taka, a nufi babban asibiti inda ake da allurar dafi. Ko an ga ya ware yana hira, a tafi. Ba banza ake mata kirari da gobe da nisa ba.

Sauran ƙananan kayan ba su da dogon bayani. Ƙaramin almakashi mai dakushin baki ya fi reza, don reza a jaka yatsan yaronki take jira. In dole sai ita, sabuwa cikin takardarta, a yi amfani sau ɗaya a jefar, ba a aron ta. Abin yanke farce. Hantsaki don ƙaya da sartse. Filasta kaɗan, bandeji ɗaya, safar hannu ta roba guda biyu, gutsuren sabulu a leda. Audugar mata guda biyu ko da ba lokacinki ba ne: ban da amfaninta da kika sani, in aka yi rauni mai zubar da jini, ɗora ta ki danna da ƙarfi minti 10 ba tare da ɗagawa kina leƙe ba. Ba ƙasa, ba toka, ba man birki. Leda biyu ko uku a naɗe, don amai da jiƙaƙƙen kaya, da kuma waya in ruwa ya sauko. Sai zani ɗaya na ƙari. Ban san wani abu da ya kai zani yawan aiki ba: shimfiɗa ne, labule ne, majanyi ne, bargo ne, in an yayyaga shi bandeji ne.

Wata 'yar magana a kan fil ɗin da muke maƙale mayafi da shi. Daina riƙe shi a baki kina gyara ɗauri. Dariya ɗaya ko tari ɗaya ya isa ya wuce maƙogwaro ya faɗa huhu, kuma likitocin ƙirji a ƙasashen Musulmi da dama sun san wannan matsala sarai. Sayi mai makulli. Haka ƙananan batiran nan masu kama da kwabo na ma'aunin zafi da agogo: in yaro ya haɗiye, cikin 'yan awoyi yake ƙone masa maƙoshi. Kada su yi yawo a gindin jaka.

Takarda da kuɗi

Katin rigakafin yaro, da katin awonki in kina da ciki, a cikin leda mai kauri. Ba don ranar asibiti kawai ba. In aka kai ki wani asibitin da ba a san ki ba, katin ne zai yi magana: watannin cikin, hawan jini, allurar da aka yi. Ki ƙara da 'yar takarda da kika rubuta da biro: sunanki, unguwarku, lambar mai gida da ta wani ɗan'uwa, rukunin jininki, ko akwai mai sikila ko asma ko farfaɗiya, da maganin da jikinki ba ya so. Yau wa ya haddace lambar wani? Waya in ta mutu, ko kuma ke ce kika suma ga ta a kulle, duk lambobin sun tafi da ita. Rubuta har da lambar direba ɗaya da ɗan acaɓa ɗaya da kika amince za su ɗaga da tsakar dare. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, ta jami'an kiyaye haɗurra 122, amma a ƙauye maƙwabci mai babur yakan riga kowa zuwa.

Kuɗi kuwa, farkon 2023 ya koya mana darasi, lokacin canjin takardun naira da mutum ke da kuɗi a banki amma ba na mota a hannu. Har yanzu akwai inda sabis ke ɗaukewa, mai POS ya ce ki jira. Ware abin da zai kai ki asibiti ya dawo da ke, ƙananan takardu, ki raba biyu: rabi a jaka, rabi a jikinki. In kin ga lalita ta tsufa, sa tela ya yi miki aljihu mai zif a cikin siket ko wando. Wannan kuɗin ba na anko ba ne, ba na cefane ba ne. In kin taɓa, ki mayar. Guntun gatarinka, in ji Hausawa, ya fi sari ka ba ni.

Mai tsohon ciki, ke naki ya ɗan fi yawa: daga wata na takwas ki ƙara zani biyu masu tsabta, hular jariri, audugar mata fakiti guda, da man cibiya na kulohezidin da ake bayarwa ko sayarwa a wurin awo. In haihuwa ta zo a hanya, abin yi kaɗan ne: a goge jariri ya bushe, a kwantar da shi a ƙirjinki fata da fata, a rufe ku tare, a sa masa hula. Ba a gaggawar yanke cibiya da abin da aka samu. A bar ta har a isa.

Suturar hanya

Nan ma sai kin yi haƙuri da ni. Dogon hijabi mai jan ƙasa yana da kyau da kamala, amma shi da tayar babur ba sa ga maciji. Na karɓi mata da bakin hijabi ko mayafi ya naɗe a sarƙa ko a waya ta tayar baya, ya fizgo su ƙasa ta wuya, wata da goyo a bayanta. Kafin babur ya tashi, tattaro shi gaba ɗaya ki zauna a kai ko ki cusa a cinyarki, ki duba gefe da gefe. In ɗan acaɓa yana gaggawa, ya jira. Sa dogon wando a ƙarƙashin zani ranar da kika san za ki hau, ki zauna da kyau ƙafa ɗaya kowane gefe. Zaman gefe guda shi ne saurin zamewa a kan gargada. Wandon kuma yana rage ƙunar salansa, wadda kusan kowane gida akwai mai tabonta a ƙwauri. In ta faru, ruwa mai sanyi za a yi ta kwararawa har minti 20, sannan a rufe da tsumma mai tsabta. Ba man goge baki, ba ƙwai, ba manja.

Yadi ma abin dubawa ne. Irin mai santsin nan mai roba-roba ba ya shan gumi, a bazara yana mayar da bayanki tanda, jaririn da ke ƙarƙashinsa kuma shi ya fi shan wuya. Riƙa ɗaga hijabin kina duba shi, kina ba shi nono akai-akai. Kusa da wuta kuwa wannan yadin narkewa yake ya manne da fata, ƙunarsa ta fi ta auduga muni. Na tafiya da na kicin, nemi mai auduga. Kala kuma: in za ki bi gefen babban titin da ya ratsa Birnin Kudu bayan isha'i, baƙin hijabi a duhu direban tirela ba ya ganinsa sai ya zo dab. Sa mai haske, ko ki kunna tocilar nan ki riƙe ta ƙasa-ƙasa, yara kuma su bi ta ɓangaren da ba titi ba.

Takalmi: mai tsinin ki sa shi a leda, ki sa in kin isa gidan bikin. Na hanya shi ne mai rufe yatsu, mai kama dunduniya, wanda za ki iya gudu da shi ɗauke da yaro. Da hunturu, wa yaro riguna biyu marasa nauyi da hula da safa sun fi ƙatuwar rigar sanyi ɗaya, don rana na ɗagawa za ki cire ɗaya. Ɗan man kaɗanya a ƙaramin gwangwani ya ishi leɓe da dunduniya. Da damina, rigar ruwa ta leda mai naɗewa ta fi lema in babur za ki hau.

Akwai kuma abin da babu jakar da ke maganinsa. A watan Agustan 2021 ruwa ya karya gada a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, mota ta afka, mutum 21 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Da damina ki fita da wuri ki dawo da wuri. In kika ga ruwa yana gudu a kan titi ba a ganin kwalta, ki ce a sauke ki, ko da sauran fasinja za su yi miki dariya. Kwana a gidan mutane bai taɓa kashe kowa ba.

Ita jakar kanta

Na bar ta ƙarshe don sai kin san kayan sannan za ki san gidansu. Ki nemi mai dogon hannu da za ki rataya ta kafaɗa ta ratsa ƙirji, a ƙarƙashin hijabi, hannuwanki biyu su zama na yara; mai fizge ma ba ya samun ta da sauƙi. Zif, ba maɓalli ba. Cikinta mai haske in da hali, don baƙin ciki na jaka yana haɗiye ƙananan kaya da dare. A kasuwa ki ja hannun da ƙarfi ki duba ɗinkin inda ya haɗu da jikin jakar, nan ne take fara mutuwa. Fatar roba mai sheƙi kuwa bazara ɗaya take ɓarewa.

Tawa ta yanzu tela ne ya ɗinka mini da ragowar atamfa, ya sa mata shafi na leda a ciki. Kayan lafiyar duka suna cikin wata 'yar jakar fensir ta yara mai zif, saboda ranar biki in na ɗauki mai ƙyalƙyalin, ita kawai nake ɗagawa in jefa ciki, ba sai na tsaya tsince-tsince ba. Ranar Juma'ar farko ta kowane wata nake zazzage ta, in sa tocila a caji, in duba ranakun magani, in mayar da abin da aka ara. Filasta ce ta fi saurin ƙarewa, yaran maƙwabta sun gano inda take. ORS ɗin kuwa sau huɗu na buɗe shi a hanya tun daga wancan dare, kuma sau uku ba don ɗana ba ne. Na ƙarshen a tashar Gwaram ne, wata yarinya mai goyon fari tana kuka, ɗanta ya yi laushi a hannunta. Na dama a gorata, na miƙa mata cokali, muka shiga mota ɗaya zuwa Birnin Kudu tana ba shi a hanya.